Kafin ka ba dillali kuɗin haya, ka duba ajin da yaronka yake

Wasiƙu huɗu na ɗauko wannan makon, duk a kan tashi daga gida da abin da yake jawo wa karatun yara. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Ta farko daga wani magidanci ce a Tudun Wadar Zariya: "Malama, hayata za ta ƙare a Disamba. Na samu gida a Dogarawa, ya fi wanda nake ciki fili, kuma zan rage naira 150,000 a shekara. Yarana uku. Babbar tana aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, mai bi mata yana aji uku na ƙaramar sakandare, autan yana aji shida na firamare. Dillali ya matsa mini, wai akwai mai so. In biya?"

Malam, dillali la'adarsa yake nema, kuma bai yi laifi ba, sana'arsa ke nan. Amma kai ka ɗan dakata. Yaranka uku, kowanne yana tsaye a kan wata gaɓa, kuma Disamba ta faɗo a tsakiyar shekarar karatu, tunda a Satumba ake farawa.

Babbar ce ta fi damuna. A Disambar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da hana ɗaukar ɗalibi ko sauya masa makaranta zuwa aji uku na babbar sakandare, a makarantun gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, daga shekarar karatu ta 2026/2027. Dalilin da suka bayar shi ne toshe hanyar masu kwashe yara a shekarar ƙarshe zuwa makarantun da ake satar amsa. Wato ke nan in ka ce bari ta ƙarasa wannan shekarar a inda take, sai baɗi ka mayar da ita kusa da sabon gida, ƙofa ta riga ta rufe. Ko dai ta sauya yanzu tana aji biyu, ko ta zauna a makarantarta har ta rubuta WAEC da NECO. Babu na uku.

In ka zaɓi sauyin, to akwai abin da iyaye ba su cika sani ba. WAEC tana karɓar makin gwaje-gwajen cikin aji na ɗalibi daga hannun makarantarsa, na shekarun babbar sakandare, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba. Dole makin da ta tara a tsohuwar makaranta ya bi ta, kuma sabuwar ta yarda ta shigar da shi. Sannan ka tambaya ko darussan da take yi duk ana koyar da su a can. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma ba zan manta da wata yarinya da aka kawo mana a zango na biyu ba. Ta zo da katin sakamakonta a cikin baƙar leda, ta ninke shi huɗu, makinta na Fiziks ya fi na kowa a ajinmu. Sai dai darasin sana'ar da ta yi shekara da rabi tana koya ba mu da malaminsa. Haka ta fara wani sabo daga tushe, tana aron littafin ƙawaye tana kwafa a lokacin tara, wasu na cin awara ita tana rubutu. Ta ci, amma da ubanta ya yi tambaya ɗaya kafin ya kwashe kaya da ba ta sha wannan wahalar ba.

Mai bi mata shi ma yana da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a gabansa, wadda ake ce wa BECE, kuma makarantar da yake ita ke yi masa rajista. In an riga an tura sunansa, cire shi yanzu asara ce, ga kuɗin rajista ga ruɗewar yaro. Ka bar shi ya rubuta. Shi ne ma wanda tashin zai fi yi wa sauƙi daga baya, domin tsakanin aji uku na ƙarama da aji ɗaya na babba lokaci ne da dama yara da yawa ke sauya makaranta. Autan kuwa ka je ka ga hedimastansa tun yanzu, ka faɗa masa za ku tashi, saboda a makarantun gwamnati na jeka-ka-dawo yawanci ana tura yara ne sakandaren da ke kusa da firamaren da suka gama. In ba ka yi magana ba, kana Dogarawa za a tura shi wata makaranta a tsohuwar unguwarku.

Yanzu mu zo kan naira 150,000 ɗin. Ɗauki biro. A ce kowane yaro zai kashe naira 600 a rana zuwa da dawowa, misali kawai na bayar, kai ka sa kuɗin da ake biya yau. Manyan biyu, kwana biyar a mako, mako 13 a zango, ya kama naira 78,000. Zango biyu ne suka rage a shekarar, 156,000 ke nan, ban ma sa autan ba. Rarar da dillali ya nuna maka ta tafi a Keke da bas. Kuma lissafin bai ƙunshi abin da ya fi kuɗi tsada ba. Ka fita ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, ka tsaya a Kwangila, ka ga yara sanye da kayan makaranta suna kokawar shiga mota da manya 'yan kasuwa, ƙaramar yarinya ta rungume jaka a ƙirji tana jiran wanda zai tausaya ya matsa mata. Ka bi hanyar da ƙafarka da aljihunka, daga ƙofar sabon gidan har ƙofar makarantar, a daidai wannan lokacin, sau ɗaya tak. Bayan nan ka yanke.

Ni dai da ni ce, zan je wurin mai gidan da nake ciki in roƙi ƙarin wata bakwai, zuwa Yuli, ko da da ɗan ƙari ne. Masu gidaje sun fi son shekara cur, amma ɗan hayan da bai taɓa saɓa alkawari ba yana da bakin magana. In ya ƙi, ka tashi, amma ka bar yaran a makarantunsu, ka ɗauki kuɗin motar a matsayin wani ɓangare na hayar, kada ka yaudari kanka cewa ka samu sauƙi.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Samaru: "Yayana yana zaune a Ingila. Ya ce su can sai da suka koma kusa da makarantar da suke so kafin ɗansu ya samu gurbi. Ni burina ɗana ya shiga Barewa. In muka kama haya a wajajen unguwar Gaskiya, kusa da makarantar, zai taimaka?"

Hajiya, yayanki gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar can ce. A Ingila iyaye suna miƙa takardar neman sakandare ga hukumar yankinsu zuwa 31 ga Oktoba, a ba su amsa a farkon Maris, kuma in masu nema sun fi kujeru yawa, nisan gida da makaranta yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Shi ya sa gidajen da ke kusa da makaranta mai kyau suke tsada a wurinsu. Mu nan ba haka tsarin yake ba ga makarantun da ake rububi. Barewa makarantar kwana ce. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna, sannan ta dawo Zariya a 1949, kuma tun asali daga nesa ake kawo mata ɗalibai. Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa ba don iyayensu na haya a bayan katangarta suka shiga ba. Ana shiga ne ta jarrabawa da tantancewar hukumomin ilimi na jiha. Makarantar Soja da ke nan Zariya tana da tata jarrabawar, haka Demonstration ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa da ke. Kwalejojin tarayya kuma, irin ta 'yan mata da muke da ita a nan, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarsu, kuma wajen rabon gurbi jihar asalin yaro ake dubawa tare da makinsa. Unguwar da kuke kwana ba ta cikin lissafi.

Saboda haka kuɗin da za ki zuba a sabuwar haya da la'ada da motar kwasar kaya, ki rage kaɗan daga ciki ki samo masa malamin da zai zauna da shi kan Lissafi da Turanci da yamma, ki sayi tsofaffin tambayoyin jarrabawar, ki kuma sa ido kan lokacin sayar da fom. Yara da yawa masu ƙoƙari sun rasa shekara ba don sun faɗi ba, sai don an rufe rajista iyayensu ba su ji ba. Inda kusanci yake da amfani na gaske shi ne makarantar jeka-ka-dawo, inda yaro zai taka da ƙafa ya isa kafin a kaɗa ƙararrawa, ya dawo ya ci abinci ya riski Islamiyya.

Ta uku, wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Funtuwa: "Zan kawo iyalina a tsakiyar zango. Wata makarantar kuɗi kusa da gidan da na kama ta ce in kawo yaron kawai, ba sai da wata takarda ba. Ya kika gani?"

Wannan sauƙin shi ya ba ni tsoro, Malam. Makarantar da ba ta tambayi inda yaro ya tsaya ba, kuɗinka kawai ta gani. Ka tambaye su abu biyu: takardar amincewar gwamnatin jiha, da lambar cibiyarsu ta WAEC da NECO. In suka ce ai ɗalibansu a wata makaranta suke rubutawa, ka san abin da kake saye. Kafin ka baro Funtuwa ka biya duk bashin da tsohuwar makaranta ke binka, domin ba za su saki takarda ba sai ka biya, ka karɓi takardar sauyin makaranta mai hatimi da sa hannun shugaba, da katunan sakamako na duk zangunan da ya yi, da sakamakon BECE in ya riga ya rubuta. Tunda daga jihar Katsina kake shigowa Kaduna, in makarantar gwamnati kake so, ka fara da ofishin ilimi na shiyya. Kuma ka shimfiɗa takardun nan a tabarma ka karanta sunan harafi-harafi tare da na katin NIN da takardar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ranar haihuwa ta sha bamban, wannan ƙaramin abu ne yau, amma JAMB ba ta rajista sai da NIN tun 2021, kuma gyaran suna a lokacin yana cin watanni.

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Za mu koma Shika. In bar 'yata wurin kakarta a cikin birni ta ƙarasa aji uku na babbar sakandare?"

Ki bar ta, in kakar tana da ƙarfin tashinta da asuba kuma akwai babba a gidan da zai san lokacin dawowarta. Ki ware mata kuɗin abinci da na fitila daban, ki ba malamar ajinsu lambar wayarki, ki kuma riƙa zuwa duk Juma'a da yamma ki buɗe littattafanta da hannunki.