Yaya Zan Fita da 'Yan Aji Huɗu Ziyara Su Dawo da Ilimi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati a cikin garin Katsina, ina riƙe da aji huɗu, yara 64. Ina so in kai su Gobarau da gidan tarihi. Sai dai bara da aka kai 'yan aji biyar, da suka dawo ba abin da suke ba da labari sai mota da alewa. Kuɗi kuma ga yadda suke. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne a kwashi yara ba a ba su komai da za su nemo a can ba. Yaron da bai tafi da tambaya ba, abin da ya fi ɗaukar masa ido shi zai riƙe, mota kuwa ta fi tsohon gini ɗaukar ido. Don haka aikin zai fara ne a cikin aji, mako biyu kafin ranar.

Ɗauki Gobarau. Hasumiya ce da aka gina da ƙasa, tsayinta kusan mita 15, ana kuma danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. In kin rubuta "mita 15" a allo, yara za su kwafa, su manta. Maimakon haka ki auno igiya mai wannan tsawon, ki shimfiɗa ta a filin makaranta, yara su kwanta a jere, kan wannan a ƙafar wancan. Wajen yara 11 ko 12 za ta ci. Daga ranar sun san Gobarau ta kai tsayin 'yan ajinsu goma sha biyu an ɗora. Washegari ki kafa sanda mai mita ɗaya a rana, a auna inuwarta, a auna ta bishiyar bedi a lokaci guda. In inuwar sandar mita biyu ce, ta bishiyar goma, to bishiyar mita biyar ke nan. Inda ake kuskure shi ne a auna sanda da ƙarfe tara, bishiya da ƙarfe goma. Inuwa ta riga ta ja baya, lissafi ba zai fito ba.

Irin waɗannan ƙananan ayyuka su ya kamata su zama abincin ajinki na kullum, ko da ziyara ko babu. Tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da zare ya isa koyar da gidan ɗaya da gidan goma, har da aro a ɗebewa: yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga inda goman ta fito. Wake a gwangwanin madara yana tsira cikin kwana uku zuwa biyar, amma sai an huda gindin gwangwanin, an kuma tsince wanda ƙwari suka ci. Yara suna son ban ruwa, kowa ya wuce sai ya zuba, waken ya ruɓe. Ki naɗa mutum ɗaya a kowane rukuni, ya riƙa zuba ruwa murfin kwalba uku a rana, a riƙa auna tsiron da rula ana rubutawa.

Sai gidan tarihi, wato tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka yi bikin buɗe ta a 1922. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Ki je ke kaɗai tukuna. Ki ga mai kula da wurin, ki ji kuɗin shigar ɗalibai da ranakun da suke buɗewa, ki duba banɗaki da inuwar da za a zauna, sannan ki zaɓi abubuwa biyar kacal da za a tsaya a kansu. Daga su za ki fitar da tambaya uku ga kowane rukuni, irin wadda sai an duba ake amsawa: da me aka yi rufin ɗakin, taku nawa ne kaurin bango, me ya sa cikin ya fi ajinmu sanyi?

Yara 64 sun yi yawa a fita ɗaya. Raba su biyu, 32 ranar Talata, 32 ranar Laraba, kowane yara takwas da babba guda. In malamai ba su isa ba, nemi iyaye ta hannun kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Hedimasta ne zai ba da izini a rubuce, ya sanar da ofishin Sakataren Ilimi. Takardar iyaye ki rubuta ta da Hausa, ta tafi da saura mako guda, da gurbin da za a faɗi ko yaro yana da sikila, asma ko farfaɗiya. Wanda takardarsa ba ta dawo ba ya zauna, ko ya yi kuka.

A tashi ƙarfe takwas, a dawo kafin sha biyu. Daga Maris zuwa Mayu kada ma ki soma, zafin Katsina ba ya wasa da yara; Nuwamba ko farkon Fabrairu sun fi. Kowane yaro ledar ruwa biyu, a tafi da akwatin magani da gishirin ORS. A ƙirga su da suna sau huɗu: wajen shiga mota, wajen sauka, kafin barin wurin, da a ƙofar makaranta. Ƙirgar kawuna kaɗai tana yaudara, domin yaran unguwa kan shigo cikin layi. A wuyan kowa a rataya kati mai sunan makaranta da lambar hedimasta. Batun mota kuwa, bas ɗaya mai sawu biyu ta fi a cusa yara bakwai a Keke Napep, bayan a-kori-kura kuma ba wurin ɗalibai ba ne. A Gobarau, in an ba da izinin hawa, huɗu-huɗu da babba a bayansu.

In kuɗin motar ya gagara, ƙofar gari mafi kusa da ku ma darasi ce, ko Ƙofar Ƙaura ce ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga, a ƙafa za a je. Haka maƙera ko wurin maginin tukwane. Rijiyar Kusugu ta Daura, mai tarihin Bayajida da Daurama, tafiyar wajen kilomita 80 ce; ki bar ta sai sun kai aji shida.

Washegarin dawowa kada ki shiga sabon darasi. Kowane rukuni ya tashi ya karanta amsoshinsa, kowane yaro ya zana abu ɗaya, ya rubuta jimla uku a ƙasa. 'Yan Talata su yi wa 'yan Laraba tambaya, a ga inda amsoshinsu suka saɓa. Ki liƙa zanen a bango, sannan ki sa biyu daga cikin tambayoyin a gwajin ƙarshen mako.