Tambaya da Amsa: Injin wanki mai buroshi yana ɓata fentin a-kori-kura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da na sayi sabuwar a-kori-kura baƙa mai ƙofa huɗu. Aikina na yawan kai ni hanyoyin da ba kwalta, shi ya sa kusan duk mako nake kai ta wankin inji, irin wanda mota ke shiga manyan buroshi suna juyawa a jikinta. Shekaranjiya da na faka ta a rana sai na ga bonet da ƙofofi duk siraran zane masu zagaye. Wallahi hankalina ya tashi, don ko kuɗin motar ban gama biya ba. Mai kula da wurin ya ce ba injinsu ba ne, kuma ko ma mene ne, folish ɗaya zai share shi. Na riga na lalata fentin ke nan? In daina zuwa ne, ko in ci gaba ina yi mata folish lokaci-lokaci?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam. Ka kwantar da hankalinka, ba ka lalata ta ba tukuna. Ka ɗibi ruwa ka zuba a wurin da zanen ya fi yawa. Idan ya ɓace muddin wurin na jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a saman kiliya ya tsaya, wato banish ɗin da ake fesawa a kan launi. Sannan ka ja farcenka a hankali ka tsallaka layin. In farce bai maƙale ba, ƙarcen bai yi zurfi ba. Wanki na wata biyar a sabuwar mota galibi iyakacinsa ke nan, kuma baƙin fenti shi ya fi kowane launi tona asiri. Fara ko ruwan azurfa ma tana samun wannan zanen, ido ne kawai ba ya kama shi.

Game da ko injin na da aminci ga fenti, ba zan ce maka yana da shi ɗari bisa ɗari ba. Duk abin da ya taɓa jikin mota alhali akwai ƙasa a tsakani, sai ya bar alama. Sai dai injin wani ya fi na wani. Tsofaffin buroshi masu tsinkayen roba masu tauri su ne suka ɓata wa sana'ar suna, kuma in ka ga irinsu ka juya. Na zamani ana yin su da tattausan ƙyalle ko da wani soso mara ƙofofin shan ruwa, wanda ba ya riƙe yashi sosai. Amma ko da buroshi mafi laushi, abin da ke yanka fentin shi ne yashin da ya ɗauko. Yawancin ƙwayar yashi ma'adinin kwaz ne, taurinsa 7 a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, ya fi gilashin mota tauri ballantana kiliya. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a ƙyallen da ke juyawa da gudu, ta isa ta ja layi tun daga fitilar gaba har ƙofar baya.

A nan ne a-kori-kura ta bambanta da ƙaramar mota. Kai da ke bin hanyar da ba kwalta, kana shiga injin da busasshen taɓo a ƙarƙashin ƙofofi, da cikin kwarin taya, da bayan bamba, ga yashin da ya kwanta a bodin baya. Buroshin gefe zai fara bi ta ƙasa ya kwashi wannan taɓo, ya wuce da shi kan ƙofofinka. Buroshin sama ya leƙa bodi ya ɗebo tsakuwa. Injin busarwa kuma ya hura abin da ya rage ya watsa wa gilashin baya da motar da ke biye da kai. Mutane na yawan zargin motar da ta riga su shiga, kuma da gaskiyarsu, amma mai a-kori-kura sau da yawa ƙasar motarsa ce ke ƙarce motarsa. Kada kuma zagayen zanen ya ruɗe ka. Layukan miƙaƙƙu ne, hasken rana ne ke sa su yi kamar sun kewaye shi. Ka haska da tocila da dare: in ka ga sun jeru sun nufi gefe guda a duk faɗin ƙofa, aikin buroshi ne. In sun sarƙe ta ko'ina, to tsumma ne, wataƙila na masu goge mota a bakin fita, wataƙila naka.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, wato "folish ɗaya zai share shi". Kullum sai na ji wannan magana, kuma motocin da ta kashe wa fenti suna da yawa. Mutane sun ɗauka folish wani abu ne da ake ƙara wa mota. Ba a ƙara komai. Folish ragewa yake yi. Ƙarce rami ne a cikin kiliya, kuma folish ba ya cike shi, sai dai ya kankare lafiyayyar kiliyar da ke kewaye har ta sauko daidai da gindin ramin. Kamar mutum ne ya ga ɗan rami a daɓen ɗakinsa, maimakon ya cike sai ya fafe daɓen gaba ɗaya don ya daidaita. Ido zai ga sumul, amma daɓen ya ragu, kuma ba ya tsirowa.

To nawa ne ma kake da shi da za ka riƙa rabarwa? Fentin kamfani gaba ɗayansa, tun daga shafin hana tsatsa zuwa firaima da launi da kiliya, a yawancin motoci kaurinsa yana tsakanin maikiron 100 da 150 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, ƙasa da rabin kaurin takardar rubutu guda. A cikinta ne aka zuba sinadarin da ke tare zafin hasken rana kada ya cinye launi. Shi ya sa ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce, a duk tsawon rayuwar fentin kada a cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar. Folish mai laushi a hannun wanda ya iya yakan ci kimanin maikiron 2 ko 3. Mai gautsi, da injin juyawa mai faifan ulu a kansa, a hannun mai gaggawa, yana iya cin ninkin wannan sau uku a zama ɗaya. Kai ka yi lissafin da kanka. Wanda ke shiga buroshi duk mako yana folish duk wata uku, cikin shekara biyu ya cinye rabon da ya kamata ya kai motar shekara goma sha biyar.

Abin takaicin shi ne ba a ganin ɓarnar ranar da aka yi ta. Ranar motar ƙyalli take, mai ita ya biya yana godiya. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu rufin da bonet su fara dusashewa, wani fari-fari ya fito, sannan kiliyar ta fara ɓarewa tana tashi falle-falle. Idan aka kai nan babu folish, babu kaki, babu wani mai da zai dawo da ita, sai sabon feshi. Sabon feshi kuwa ba ya kai na kamfani, domin kamfani na gasa fentinsa a zafin da ya kai kusan digiri 140 kafin a ɗaura roba da waya, mai fenti kuwa in ya yi ƙoƙari ɗakinsa ya kai 60. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ba ina zagin sana'ar folish ba ne, akwai masu yin ta da ilimi. Waɗanda ke ɓata mini rai su ne wanda ya sayi inji jiya, yau ya kafa allo. Ka tsaya ka kalli aikinsa: kan injin ɗaya tun safe, ya yi baƙi ƙirin, da shi zai bi mota biyar. Ba ya manna tef a gefunan ƙofa da kan layukan bodi, alhali nan ne fenti ya fi siranta, nan ne inji ke ƙone shi cikin daƙiƙa biyu. Ba shi da na'urar auna kaurin fenti, bai ma san akwai ta ba. Wani kuma maganin da yake shafawa cike yake da mai da ke ɓoye zane, ka yi wanki biyu ko uku zanen ya dawo, ka koma, ya sake kankara. Duk mai folish da ba zai iya gaya maka lambar da ya auna a bonet da rufi kafin ya kunna inji ba, kada ka ba shi makullinka. In motarka irin Ford F-150 ce daga samfurin 2015 zuwa sama, jikinta alminiyom ne, sai ka tabbatar na'urarsa tana karanta abin da ba baƙin ƙarfe ba.

Ƙanwar jita-jitar nan ta folish ita ce ta shafin siramik, wato siririn shafin da ake yi a kan kiliya don kare ta. Za a ce maka an sa mata "9H", yanzu ko wuƙa ba ta kama ta, ka shiga buroshi yadda ka ga dama. Wannan 9H ɗin ma'aunin taurin fensir ne, ba ma'aunin Mohs ba, kuma kaurin shafin da ƙyar yake kai maikiron 1 ko 2. Yana da amfani, yana sa taɓo ya ƙi kamawa, wanki ya yi sauƙi. Amma yashi na yanka shi, kuma masu sayar da shi da yawa suna soke garantinsu in ka shiga wankin buroshi. Ka karanta takardar.

Abin da nake ba ka shawara, ka bar zanen nan yadda yake tukuna, ka fara gyara yadda ake wankin. Mafi alheri shi ne wankin hannu mai tsari: a fara kore ƙasa da ruwa mai ƙarfi, a fesa kumfa ta jiƙa dattin, sannan a wanke daga sama zuwa ƙasa da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye safar wanki, taya da ƙasan ƙofa kuma da nasu soson daban. Kada ka ɗauka kowane wankin hannu ya fi inji. Bokiti ɗaya da tsumma ɗaya da garin sabulun wanki sun fi buroshin zamani ɓarna nesa ba kusa ba. In lokaci ya ƙure maka, nemi injin da ba ya taɓa mota, mai ruwa da kumfa kawai. Sabulunsa na da kaifi, yana saurin cinye kaki, kuma ba ya fitar da datti tas, amma ba ya ƙarce.

In kuwa ba makawa sai mai buroshi, to kada ka shiga da taɓo. Ka kore shi da mesa tukuna, musamman kwarin taya da ƙasan ƙofofi, ka share bodin baya kada ka bar ko igiya, don buroshi na iya naɗe ta ya riƙa zabga wa motar. Ka cire ƙugiyar jan tirela da eriya, ka naɗe madubai, ka kashe waifa mai tashi da kanta. Dubi allon tsayi, wurare da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce ƙafa 7, kimanin mita 2.1, kuma mai ƙarfen ɗaura kaya a sama ko mai taya bibbiyu a baya sau da yawa ba ta shiga layin. Motar da aka yi wa sabon feshi ta jira aƙalla wata ɗaya, mai fentin da ba ya sheƙi kuwa kada ta kusanci buroshi ko kaɗan, domin irinsa ba ya folisuwa. Ka kuma ce wa masu tawul a bakin fita su bar maka ita, ka goge da naka mai tsabta.

Bayan ka yi wata biyu ko uku a kan sabon tsarin, ka tabbatar sabon zane ya daina fitowa, sai ka kai ta wurin wanda ke aunawa ya yi mata folish mafi laushi sau ɗaya, ya bi da kaki ko siramik. Ka gaya masa tun farko ba ka neman ya share kowane layi. Masu ɗan zurfi a bar su, kuma ya rubuta maka lambobin da ya auna kafin aikin da bayansa, ka ajiye tare da takardun motar.