Tambaya da Amsa: An yi wa ɗan wasana ɗori ya kwana yana kuka, an ce alamar kamawa ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni koci ne na wata ƙungiyar ƙwallon matasa a Tudun Wadan Zariya. Ranar Asabar wani yarona ɗan shekara 17 ya juya zai bi ƙwallo, ƙafarsa ta kafe a ƙasa, gwiwa ta murɗe. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙara a ciki, kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum. A asibiti an yi hoton ƙashi an ce babu karaya, amma an rubuta ACL da MRI da fisiyo a takarda ba a yi mana bayani ba. Mahaifinsa ya ce tunda asibiti ba su ga komai ba, a kai shi wurin mai ɗori. Jiya an ja ƙafar, an gasa, an ɗaure da kara tun daga cinya har ƙwauri. Yaron bai runtsa ba, yana cewa ba ya jin yatsunsa. Mai ɗori ya ce ɗori ne ke kamawa, kada a taɓa sai an yi mako. Hankalina ya ƙi kwanciya. Mene ne ma'anar kalmomin nan, kuma me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Koci. Maganar kalmomi ta ɗan jira tukuna. Kana gama karanta wannan sakin layi ka tafi gidan yaron a kwance ɗorin nan duka, kara da tsumma da zare, har sai an ga fata. Tunda hoto ya nuna babu karaya, ba wani ƙashi da zai goce don an kwance. Kada a ɗaga ƙafar kan tarin matasai, kada a sa mata ƙanƙara, a miƙe ta kawai yana kwance, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibitin da ke da likitan ƙashi da ɗakin tiyata. A nan Zariya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika nake nufi. Kada a ba shi abinci a hanya, don mai yiwuwa a shiga da shi tiyata. Ko zafin ya lafa bayan an kwance, a je dai.

To, kalmomin. Ka san targaɗe, ka san gocewa, ka san karaya, ba sai na maimaita maka ba. Abin da ke takardar nan targaɗe ne ake zargi, amma babba. Gwiwa tana da manyan jijiyoyi 4 masu riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri: ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, biyu kuma sun gitta juna a tsakiyar gaɓar. Ta gaba daga cikin masu gittawar ita ce ACL, aikinta hana ƙwauri zamewa gaba ko juyawa. Labarin da ka bayar ya yi kama da tsinkewarta sosai: ba wanda ya taka shi, ƙafa ta kafe jiki ya juya, an ji ƙara, kumburi ya taso cikin 'yan sa'o'i. Kumburi mai saurin nan yawanci jini ne ya taru a cikin gaɓar. Targaɗe mataki 3 ne: a na farko jijiya ta miƙe, a na biyu wani sashe ya yage, a na uku ta tsinke gaba ɗaya.

Hoton ƙashi kuwa ƙashi kaɗai yake gani. Idan aka ce "babu karaya" ba a ce "babu komai" ba, kuma rashin fayyace wa iyaye wannan bambanci laifinmu ne mu ma'aikatan lafiya. MRI ita ce na'urar da ke nuna jijiya da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu. Tana da tsada, amma ba ta gaggawa ba ce, ana iya tara kuɗinta a hankali. Fisiyo su ne waɗanda ake kira masu gashin ƙashi, kodayake yawancin aikinsu motsa gaɓa ne da ƙarfafa tsoka: su sauke kumburi, su dawo da miƙewa da lanƙwasar gwiwa, su gina tsokar cinya wadda ke saurin zubewa idan ƙafa ta zauna. Ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba, amma mai son komawa ƙwallo yawanci sai an dasa masa sabuwar jijiya. Virgil van Dijk ya tsinka tasa a wasan Liverpool da Everton cikin Oktoban 2020, da duk likitocin da ke kansa sai da ya yi kusan wata 9 kafin ya sake taka leda. Don haka duk wanda ya ce maka zai haɗa jijiyar da ke can tsakiyar gwiwa da ja da man shafawa cikin mako biyu, kuɗin mahaifin yaro kawai zai ci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wannan magana ta "ɗori ne ke kamawa". Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin uwa, daga bakin kawu, har daga bakin masu digiri. Ba a taɓa yin ɗorin da ke kamawa da azaba ba. Gaɓar da aka tallafe daidai sauƙi take ji, nan take. Idan zafi yana ƙaruwa bayan an ɗaure, jini ne aka tsare.

Tsokokin ƙwauri suna zaune ne a ɗakuna 4, kowane ɗaki an naɗe shi da wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa. Rauni yana ci gaba da kumbura har kwana 2 zuwa 3. An zo an gasa da ruwan zafi, kumburi ya ƙaru, an ja an murza, ya ƙara ƙaruwa, sannan aka kawo kara da zare aka tamke daga waje. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya su ne masu laushi, su ke fara toshewa. Masu kawo jini kuwa suna da ƙarfi, suna ta turowa. Jini na shiga ba ya fita, matsi na hauhawa, har ƙananan hanyoyin da ke ciyar da tsoka su rufe. Kamar mai noman rani ne a bakin kogin Galma da aka take masa tiyo: inji na ta ruri, shuka na bushewa. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin sa'a 6, bayan nan sai ta fara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Kukan da yaronka ya kwana yana yi na wannan ne.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Idan jijiyoyin ji suka mutu, zafi sai ya ɗauke. Yaro ya yi barci, gida ya yi hamdala, a ce ai ga shi mai ɗori ya faɗa. Sai bayan kwanaki wari ya fara tashi. Lokacin da ake kawo mana su, idan muka warware tsumman, za ka ga sawun karan a jere a jikin fata, kowane layi ya ɗuri ruwa, yatsu sun yi baƙi sun ƙanƙance, fata tana biyo tsumma. Wani kuma fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara, domin gubar mataccen nama ta isa ƙoda. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsauri ke kashe tsoka ya bar hannu a ƙandare. Yaran da kake gani da yatsu a dunƙule bayan karayar gwiwar hannu, da yawansu ba karayar ce ta nakasa su ba, ɗaurin ne.

Ga gwajin da kowane koci ya kamata ya iya. Ka kama babban yatsan ƙafar ka ɗaga shi sama a hankali, ka kuma lanƙwasa shi ƙasa. Idan yaro ya ƙwalla ƙara yana nuna ƙwauri, an shiga haɗari. Ka matsa farce ka saki, ya kamata launin ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ka taɓa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ka tambaye shi ko yana ji. Kada bugun jini a bayan ƙafa ya yaudare ka, shi ne yake ɓacewa a ƙarshe, bayan ɓarna ta riga ta auku. Idan matsin ya yi yawa a ciki, kwance ɗori kaɗai ba ya isa, sai an tsaga fata da tantanin nan a ɗakin tiyata don tsoka ta samu sarari. Abin da ya sa na ce a je ko da ya ce ya ji sauƙi ke nan.

Ba ina cewa simintin asibiti ba ya yin haka ba. Yana yi, idan aka zagaye ƙafa mai kumburi da shi. Shi ya sa muke fara sa rabi a bar wurin kumburi, mu kuma gargaɗi mai jinya ya dawo da gudu in zafi ya ƙaru. Naɗin da kuka koya a taimakon farko ma, cikin ƙa'idar hutu da ƙanƙara da naɗi da ɗagawa wadda likitan Amurka Gabe Mirkin ya yaɗa a 1978, bandeji mai roba ake nufi, wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Wannan na sabon targaɗe ne, ba na ƙafar yaronka da ɗori ya matse ba: ƙanƙara a naɗe a tsumma, minti 15 zuwa 20, ba ruwan zafi, ba man zafi, ba tausa har kwana 3. Akwai masu ɗorin da suka san iyakarsu, suna ganin abin da ya fi ƙarfinsu su ce a tafi asibiti, Allah Ya saka musu. Amma wanda yaro zai ce masa yatsuna sun mutu ya ce a bari sai mako, wannan da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Da an bar yaron kwance a ɗaki ba a taɓa shi ba, da gwiwa kaɗai muke magana a kai yau.

Na san abin da mahaifinsa zai ce maka: asibiti yanke ƙafa suke yi. Wannan jita-jita ta cinye ƙafafu da yawa a ƙasar nan. Ba wani likita da ke yanke ƙafa saboda targaɗe ko karaya mai sauƙi. Ƙafar da ake yankewa ita ce wadda ta riga ta ruɓe, ana yankewa ne don a ceci rai, kuma sau da yawa ta ruɓe ne a ƙarƙashin kara. Sai dai mai ɗori ba ya cikin labarin idan ana ba da shi a majalisa, likitan da ya riƙe wuƙa kaɗai ake tunawa. Sannan ga na kemis, wanda za a kira cikin dare ya danna wa yaro allurar kashe zafi ko ya ba shi taramol. Ya kashe ƙararrawar da ke gaya mana ƙafa na mutuwa, ya kuma ɗora wa ƙodar da ke cikin haɗari wani nauyin. Jama'a, yaran nan amana ce, za a tambaye mu a kansu. Tawakkali ba ya hana kwance zare.

Kada ka je kana zagin mai ɗori a gaban dattijo, taurin kai kawai za ka jawo. Ka tafi da wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko yayansa, ka ce, "Baba, a duba yatsun nan, in lafiya ne ba a yi asarar komai ba." A asibiti kuma kada ka tsaya layin yankar kati kana jira a kira ku. Ka nufi ma'aikacin jinyar da ke bakin sashen gaggawa ka ce an ɗaure ƙafa tun jiya, zafi na ƙaruwa, ba ya jin yatsunsa, ka faɗi ƙarfe nawa aka ɗaure. Wani ya bi layin kati, kai ka tsaya kan yaron. Ka tafi da hoton ranar Asabar da takardar nan, kuma ka lura da kalar fitsarinsa don za a tambaye ka.