An mayar da filina juji, ni kuma aka ba wa'adin kwashewa: me doka ta ce?

Assalamu alaikum Barista. Ina da fili da na saya shekara huɗu da suka wuce, ban samu halin ginawa ba, ban kuma kewaye shi ba. Sannu a hankali mutane suka mayar da shi juji, har da masu kawo baraguzan gini a mota cikin dare. Makon jiya ma'aikatan duba-gari suka kawo mini takarda, wai an ba ni kwana 14 in kwashe sharar, in ba haka ba a kai ni kotu. Ni ko leda ɗaya ban taɓa jefawa a wurin ba. Suna da wannan hurumin? Kuma ina mafita?

Wa alaikumus salam, Malam. Ɓacin ranka yana da dalili, domin kai ne aka fara cuta. Sai dai akwai abu biyu da ka haɗa wuri ɗaya, doka kuwa raba su take yi. Na farko shi ne laifin zubar da shara inda ba a halatta ba, wanda ke kan wanda ya zubar, da wanda ya sa a zubar, da wanda ya bari a zubar da saninsa. Na biyu shi ne nauyin kawar da abin da ke cutar da jama'a, kuma wannan yana bin wanda wurin ke hannunsa, ko mai shi, ko ɗan haya. Takardar da aka ba ka, bisa yadda ka bayyana ta, a kan na biyun take magana. Ba a ce kai ka zubar ba. An ce filinka ya zama barazana ga lafiyar maƙwabta, kuma kai ne aka sani da shi.

Hurumin kuwa suna da shi a galibin ƙasashe. Majalisar ƙasa ko ta jiha ce ke kafa babbar doka, sannan ta bar wa ƙaramar hukuma aiwatarwa tare da ikon yin ƙananan dokokinta. A Najeriya, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A Ingila, dokar kare muhalli ta 1990 ce ke ba su ikon tuhuma da cin tara. Dokokin sukan kasa laifin gida uku. Akwai jefar da ƙaramin abu a kan hanya, kamar leda ko guntun sigari, wanda yawanci tara ce ake yanka nan take. Singafo tun 1992 ta ƙara da sa mai laifin ya yi sharar wuraren jama'a da hannunsa. Akwai jibge shara mai yawa, irin wadda ake kawowa a baro ko a tifa, kuma wannan a Ingila yana iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Sai shara mai guba, wadda hukuncinta ya wuce ƙarfin ƙaramar hukuma.

Yanzu ka ɗauko takardar ka karanta ta a natse. Ka duba ko an rubuta sunan dokar da sashen da aka dogara da shi, ko an bayyana filin yadda ba za a rikita shi da na wani ba, ko an faɗi ainihin abin da ake so ka yi, ko akwai kwanan wata da sa hannun jami'in da ke da iko, sannan ko an nuna inda za ka kai ƙorafi. Ka je ofishin ƙaramar hukumar ka nemi kwafin dokar da aka ambata, domin ba a hukunta mutum da laifin da ba a rubuce yake ba tare da hukuncinsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lissafin kwanaki. Wa'adi yakan fara ne daga ranar da takardar ta iso gare ka ta hanyar da doka ta tsara, don haka ka rubuta ranar da sa'ar da ka karɓa a bayanta. Ka ce makon jiya ne, ke nan kusan rabin kwanakinka sun tafi. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: suna da hujja mai ƙarfi, amma sun bar wa'adin ƙorafi ya wuce suna jiran a sake zuwa. Ƙin bin takardar gargaɗi laifi ne mai zaman kansa, ko da tun farko ba ka da hannu a sharar.

Shin "ba ni na zubar ba" kariya ce? Wani lokaci. Sashe na 59 na waccan dokar kare muhalli ta Ingila ya ba wanda aka ce ya kwashe shara kwana 21 ya kai ƙara kotun majistare, kuma kotu za ta soke umarnin idan ya nuna cewa bai zubar ba, bai sa an zubar ba, bai kuma bari an zubar da saninsa ba. Ka lura da wannan gaɓa ta ƙarshe, domin nan ne rauninka yake. Shekara huɗu fili yana buɗe, shara tana taruwa, ba ka kai rahoto ba, ba ka kafa ko allo ba. Lauyan ƙaramar hukuma zai ce ka sani, ka yi shiru, shirun kuma bari ne. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. A shari'ar Sedleigh-Denfield ta 1940, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokacin ta duba batun wani bututun ruwa da aka binne a filin wasu mutane ba da izininsu ba. Bayan shekara uku ya toshe, ruwa ya malala gidan maƙwabci. Kotu ta ɗora wa masu filin alhaki, saboda sun san da bututun kuma ba su ɗauki matakin da ya dace ba. Kotunan ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila suna bin wannan hukunci har yau. Ma'anarsa gare ka ita ce, idan sharar filinka ta toshe magudanar ruwa da damina, ko ta kama wuta ta ci katangar wani, maƙwabcin yana iya neman diyya a wurinka, ban da abin da hukuma za ta yi.

Shi ya sa, a ganina, ja da takardar gaba ɗaya ba zai amfane ka ba, sai in tana da babban kuskure, kamar a ce filin ba naka ba ne ko yana hannun ɗan haya. Abin da zai fisshe ka shi ne ka amsa a rubuce, ka nemi ƙarin lokaci, ka kuma juya hankalin hukuma zuwa ga masu zubarwa.

Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoto da bidiyo daga kusurwa huɗu na filin, da waya mai nuna kwanan wata. Ka sa safar hannu mai kauri ka duba saman tulin. Ambulan mai adireshi, rasit, kwalin kaya mai sunan shago, buhun siminti mai alamar wani aikin gini, duk hujjoji ne. Ka ɗauki hotonsu a inda suke kafin ka ɗaga, domin takardar da ka fito da ita daga aljihu ba ta da nauyin wadda aka gani a cikin tulin. Idan akwai sawun tayar mota, shi ma ka ɗauka. Ka tambayi maƙwabta ko mai gadi wanda ya taɓa ganin motar, ka rubuta lambarta da launinta da lokacin da take zuwa. Lambar mota tana da daraja sosai: a dokar Ingila, idan daga mota aka zubar da shara, wanda motar ke ƙarƙashin ikonsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya sa aka zubar, ko da ba shi ke tuƙi ba.

Daga nan sai wasiƙa zuwa ga shugaban sashen lafiyar muhalli, kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa. Shafi ɗaya ya isa. Ka ce ka karɓi takarda mai lamba kaza ranar kaza. Ba kai ka zubar ba kuma ba ka ba kowa izini ba. Ga hujjojin da ka tara. Kana neman ƙarin kwanaki kaza domin ka kwashe ka kewaye. Kana kuma neman a binciki masu zubarwa. Kada ka rubuta kalmar da za ta zama amsa laifi, irin "na san na yi sakaci". Kuma ka sani wasiƙa ba ta tsayar da wa'adi. Sai an ba ka ƙarin lokacin a rubuce ya zama naka, alkawarin baki daga jami'i ba ya kare ka a gaban alƙali.

Wajen kwashewa ma akwai tarko. Dokoki da yawa suna ɗora wa mai shara nauyin tabbatar da cewa wanda ya ba wa yana da lasisi. Idan ka ɗauki mai mota mai araha ya kwashe, ya je ya juye a bakin rafi, aka gano daga filinka ta fito, ka tashi daga wanda aka cuta ka koma wanda ake tuhuma. Ka nemi ganin lasisinsa, ka rubuta lambar motarsa, ka tambaye shi jujin hukuma da zai kai, ka riƙe wani kaso na kuɗin har ya kawo shaidar cewa can ya kai. A ware baraguzai daban da sharar gida, domin ba kowane juji ke karɓarsu a haɗe ba.

Kada ka cinna wa tulin wuta. Na san shi ne abin da ke fara zuwa a rai, amma ƙona shara a fili laifi ne daban a mafi yawan dokokin tsafta, hayaƙin roba da taya yana ɗauke da guba, kuma wutar juji tana iya kwana da kwanaki tana ci ta ƙasa. Idan ka ga durom da ba ka san abin da ke ciki ba, ko tsofaffin batura, ko sirinji da kayan asibiti, ka tsaya, ka sanar da hukumar kare muhalli a rubuce. Abin da ya faru a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, inda aka jibge dubban durom na shara mai guba daga Italiya a wani fili da aka karɓa haya, shi ya sa Najeriya ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai a kan irin wannan shara. Mai fili ba ya son sunansa ya shiga irin wannan fayil ko da bisa kuskure.

Idan ka yi biris, abu biyu ke biyo baya. Za a iya aiko maka da sammaci, sannan hukuma tana iya shiga filin ta kwashe da kanta ta bi ka kuɗin aikin, wanda sau da yawa ya fi abin da za ka kashe da kanka. A wasu wuraren bashin yana maƙale wa filin, sai ranar sayarwa ya taso. Idan kuma aka ce ka biya tara, ka tambayi sashen dokar da ya ƙayyade adadin, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka karɓi rasit mai lamba. Kuɗin da aka miƙa wa jami'i a hannu ba ya rufe fayil, kuma bayarwar kanta laifi ce. Biyan tara ma ba ya sauke nauyin kwashewa. Idan ba ka yarda da tarar ba, kana da damar a kai maganar gaban alƙali, inda mai tuhuma ne zai kawo hujja, sai dai in ka faɗi a can abin da za a yanka maka yana iya zarce na farko.

Game da masu zubarwa, wanda ka gane da hujja kana iya ƙararsa a kan shiga filinka ba da izini ba, ka nemi kuɗin da ka kashe da kuma umarnin kotu na hana shi sakewa. Wannan yana da amfani a kan ɗan kwangila ko mai shago, wanda ke da abin biya. A kan gidaje ashirin masu aiko yara da bokiti, ƙara ba za ta kai ka ko'ina ba. Su matsalarsu yawanci rashin wurin zubarwa ne, kuma nan ne nauyin ƙaramar hukuma yake. Ku haɗu ku rubuta takardar koke mai sa hannun mazauna layin, ku nemi a ajiye babban mazubi ko a sa motar shara ta riƙa biyowa a ranaku sanannu. Kada ka kwashi sharar ka mayar ƙofar wanda kake zargi, kada kuma ka kama yaro ka duka. Kowanne daga cikinsu zai sa kai ne za ka tsaya a gaban alƙali.

Ranar da aka gama kwashewa, a ranar za a fara kewayewa, ko da da waya mai ƙaya ce da turaku, domin filin da aka share aka bari a buɗe yakan koma yadda yake cikin 'yan makonni. Ka toshe mashigar mota da tudun ƙasa ko manyan duwatsu, ka kafa allon hani, ka ɗauki hotonsa. Sannan ka koma ofishin da rasit ɗin mai kwashewa da sababbin hotuna, ka nemi jami'in ya zo ya duba, ya ba ka takardar da ke nuna ka cika umarnin. Ka ajiye ta tare da takardun filin, kuma duk ranar da aka sake zubar da wani abu ka kai rahoto a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu.