Idan Suka Tambaye Ka Aikin da Ka Taɓa Ɓatawa

Na ga saƙonka na daren jiya. Ka ce kamfanin manhajar nan sun kira ka intabiyu ranar Talata, kuma an tsegunta maka cewa sukan ce wa mai neman aiki ya ba su labarin wani aiki da ya taɓa ɓatawa. Kana tambaya, Maigida, in ce ban taɓa ɓata komai ba, ko in lalubo wani ɗan kuskure mara nauyi in faɗa?

Kada ka yi ko ɗaya, ƙanena. Ka ba su labarin kantin magani.

Na san ba ka son a tuna maka. Ka taɓa manhajar lissafin kayansu ranar Alhamis da yamma, ka tura gyaran ba tare da ka gwada ba, farashin kowane magani ya koma sifili. Na shigo na tarar da kai ka kife wayarka a kan tebur tana ta ruri, gumi ya jiƙa maka riga duk da fanka na juyawa. Awa biyu kana fama kai kaɗai, mai kanti kuwa yana can yana rubuta ciniki a bayan kwali. Da ka buɗe baki, minti goma muka yi muka dawo da tsohon kwafin. Kuskuren bai dame ni ba ko kaɗan, shirun nan na awa biyu ne ya hana ni barci.

Mai yi maka intabiyu ya san duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja ya taɓa rushe wani abu. In ka ce ba ka taɓa ba, ko dai ba ka yi aiki ba, ko kana ɓoyewa, kuma na biyun ya fi tsorata shi. Abin da yake kasa kunne ya ji shi ne: yaushe ka gane, wa ka fara gaya wa, me ka sauya daga ranar. Kai kana da amsa, domin tun lokacin ban sake ganin ka tura gyara ba tare da gwaji ba.

A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, mai ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu a intanet, cikin dare kuma a gajiye, ya so ya goge rumbun bayanai na ko-ta-kwana, sai ya goge na ainihi. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Nan take ya sanar da abokan aikinsa. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar kwafi, sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan. Bayanan awa shidan sun salwanta. Kamfanin ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, ya wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla, bai kuma kori injiniyan ba. Tambayar da suka sa a gaba ita ce, me ya sa tsarinmu ya bar hannu ɗaya ya yi wannan ɓarna, kuma me ya sa ba wanda yake gwada kwafin ajiya?

Mu an tarbiyyantar da mu da kunya, yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, kuma ina alfahari da hakan. Amma a wannan sana'ar, kunyar da za ta hana ka cewa na yi kuskure tun da wuri, dukiyar mutane take ci. Ran gini, ran zane.

Sannan in sun ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ka tambaye su cikin ladabi: karo na ƙarshe da aiki ya tsaya muku, me aka yi da wanda hannunsa ke ciki? Ka lura da fuskar manajan. Na taɓa aiki a wani kamfani inda manaja ke kiran sunan mai laifi a gaban kowa a taron safiyar Litinin. Cikin 'yan watanni kowa ya koyi ɓoye ɓarnarsa, har sai kwastoma ya bugo waya muke jin labari. Albashin yana da kyau, amma ban shekara ba na ajiye. In suka amsa maka da bayanin abin da suka gyara a tsarinsu, ka saki jiki. In kuwa amsar ita ce ai mun sallame shi, ka yi tunani sosai kafin ka sa hannu a takarda.

Ka zo shago ranar Litinin bayan la'asar, ka ba ni labarin kantin maganin kamar ni ne su. Ina so ya fito cikin minti biyu, kuma kada ka tsallake awa biyun nan. Allah ya ba da sa'a.