Tsohon Fim Ɗin Yaƙin Finlan da Dabarar Haɗa Hoton Da da Na Yanzu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin fim a kan Kaduna ta zamanin Turawa. An ce mini akwai wani tsohon fim na ƙasar Finlan da ya cuɗa hotunan yaƙi na gaske da na wasa har ba a cika gane mahaɗar ba. Wane fim ne, kuma yaya zan yi irin haka? Daga mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fim ɗin da ake nufi shi ne Tuntematon sotilas, wato Sojan da Ba a San Shi Ba, wanda Edvin Laine ya ba da umarni. Ya fito a Disambar 1955, an ɗauko shi daga littafin Väinö Linna na 1954. Labarin wata rundunar masu bindiga mai jigida ne a yaƙin Finlan da Tarayyar Sobiyet daga 1941 zuwa 1944. Ya kusa awa uku, kuma har yau ana haska shi a talabijin ɗin ƙasar ranar 6 ga Disamba, ranar samun 'yancinsu. An sake shirya shi a 1985 da 2017.

Abin da ya rufa wa mahaɗar asiri shi ne duka hotunan baƙi da fari ne, kuma a kan faifan fim aka ɗauke su. Kai kuwa da kyamarar zamani za ka ɗauka, don haka sabon hoton ne zai bi tsohon. Fara samo tsofaffin hotunan tukuna, ka ga daga ina rana take faɗowa a cikinsu, sannan ka tsara naka.

Sai ka kula da siffar allo. Tsohon fim faɗinsa 1.37 ne a kan tsayi 1, na yanzu kuwa 16 a kan 9, wato ya fi faɗi. Idan ka ja tsohon don ya cika allo, mutane za su koma gajeru masu ƙiba. Idan ka yanke shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ya tafi, galibi da rawuna da ƙafafu. Gara ka ɗauki fim ɗinka gaba ɗaya a tsohuwar siffar, ka bar baƙin fili dama da hagu.

Gudu ma haka. Fim mai sauti na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu 25. Zaɓi ɗaya kafin ka fara tacewa. Idan ka bar manhaja ta daidaita da kanta, motsi zai riƙa ɗingishi. Mayar da 24 zuwa 25 yana ƙara sauri da kashi 4 cikin 100. Ido ba ya damuwa, amma murya takan ɗan sirance.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne tufafi. Ja da kore kan iya komawa toka iri ɗaya a baƙi da fari, sai rigar dogari ta rasa kwarjininta. Mayar da allon kyamara baƙi da fari tun a wurin ɗauka, ka gwada kowace riga. Farar babbar riga a ranar Kaduna takan ƙone hoto har aikin wuyanta ya ɓace. A tsoma ta a ruwan shayi marar kauri ta ɗan dusashe. Ka kuma leƙa bayan 'yan wasa: wayar lantarki, faifan tauraron ɗan'adam a kan kwano, butar roba. Ƙarar janareta da ta Keke Napep ma suna tona asiri.

Yawancin hotunan fagen yaƙi na wancan lokaci ba su da sauti, kai za ka ɗora musu takun dawaki da hayaniya. Ka bar sautin wannan fage ya zarce cikin na gaba da daƙiƙa ɗaya ko biyu, shi ke ɗinke mahaɗar.

Wani abin koyi: sojojin da ke cikin littafin Linna kowa da karin harshen yankinsa yake magana. Kaduna ta wancan zamani matattara ce, kada Basakkwace da Bazazzagi su buɗe baki iri ɗaya.

Don hotuna da takardu, je Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a nan Kaduna. Na fim kuwa ka nemi Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Jos. Kada ka sauko da su daga YouTube: an matse su, za su farfashe a babban allo, kuma suna da masu su. Nemi izini a rubuce.