Mai walda a Gusau: kafin ka karɓi kuɗin Alhaji

Wa alaikumus salam Malam. Na ga saƙonka, ka ce ka daɗe kana walda a Gusau, yanzu aiki ya buɗe har da yara a hannunka, kuma wani Alhaji da kake yi wa ƙofofi da tagogi ya ce zai zuba kuɗi a buɗe babban shago a riƙa neman kwangila, shi ne kake tambaya ko ka je CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kawai kayi rajista. Allah ya sanya albarka. Amma rajista ba ita ce ta farko ba, ka fara zama da Alhaji ku fayyace wanga kuɗi da zai bayar, na mine ne?

Domin in bashi ne, to ko shago ya ci riba ko ya faɗi sai ka biya shi uwar kuɗinsa, shi kuma ba shi da komai cikin riba. In kuma ƙiradi ne, wato mudaraba, shi da kuɗi kai da aiki, a fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu na kotun shari'a ke hukunci da shi, riba ana raba ta ne da kaso, rabi ko sulusi ko yadda kuka shirya, ba a yanke cewa duk wata zaka ba shi dubu kaza ba, yin haka yana ɓata ƙiradin. Asara kuwa a kan mai kuɗi take, kai wahalarka ce ta tafi, sai fa in an tabbatar kayi sakaci ko ka saɓa sharaɗi. To anan ake rigima wallahi, lokacin da ake samu kowa na cewa haɗin gwiwa muke, ranar da aka yi asara sai mai kuɗi ya ce shi rance ya bayar. Don haka ku rubuta, da shaidu biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Kar kunya ta hana ka don ya girme ka, ai umarnin rubuta bashi yana cikin Suratul Baƙara.

Sai maganar CAC. Rajistar sunan kasuwanci ita ce mai sauƙi da araha, zaka buɗe asusun banki da sunan shago ka buga rasit, amma a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, in aka biyo shago bashi to ana iya bin babur ɗinka da filinka. Kamfani limitid kuwa mutum ne mai zaman kansa a doka, bashinsa nasa ne, sai dai in kai ka sa hannu ka tsaya masa, kuma bankuna sun saba neman haka, ka lura. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfani shi kaɗai, mafi ƙarancin hannun jari na kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Akwai bayanan shekara da ake kai wa CAC, in ka bari tara na taruwa.

Ni a ganina tunda kwangila kuke hange kuma akwai kuɗin wani a ciki, limitid ya fi maka. Amma ka buɗe ido wajen rabon hannun jari. In Alhaji ya riƙe sama da rabi, to da ƙuri'arsa yana iya cire ka daga darakta a shagon da kai ka gina da guminka. Injin walda da janareta da giranda da sauran kayan aikinka a yi musu kuɗi a rubuta su a matsayin naka jarin, kar a ce kai "aiki kawai" ka kawo. Albashinka na mai tafiyar da shago daban, ribarka daban. Kuma ka sani rigimar da ta shafi tafiyar da kamfani Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ba gaban alƙalin unguwa ba, kashe kuɗinta ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Yaran shago ma yanzu nauyinsu ya canza. Wanda kake biya albashi, dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba shi takardar sharuɗɗan aikinsa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata ga NSITF, wato asusun gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kuma sana'arku wuta ce da ƙarfe, ido ko yatsa na iya tafiya rana ɗaya. Masu koyon aiki a yi takarda da iyayensu.

Ka samo min takardar hayar shagon yanzu da jerin kayan aikinka da rasit ɗinsu, sannan ka tambayi Alhaji ko da sunansa zai shiga ko da sunan ɗansa, domin wanda aka rubuta a CAC shi doka ta sani.